Archie Cochrane: likitan da ya dage sai an ƙirga kowa

A ƙarshen shekarun 1960, wasu manyan likitocin zuciya na Birtaniya sun taru domin jin inda aka kwana a wani gwaji da ake yi a yankin Bristol. Tun farko tambayar da gwajin ke neman amsawa ba ta yi musu daɗi ba: mutumin da ya gamu da bugun zuciya, kwantar da shi a sashen kulawa na musamman a asibiti ya fi, ko kuwa a bar shi a gida likitan unguwa yana leƙa shi? A ganin da yawa daga cikinsu, yin wannan tambaya ma ganganci ne da ran mutane.

Kafin a shiga zauren taro, wani likita mai suna Archie Cochrane ya nuna wa wasunsu alƙaluman farko, waɗanda ke nuna cewa an ɗan fi mutuwa a cikin waɗanda aka bari a gida. Nan take suka harzuƙa, suka ce dole a tsayar da gwajin a ranar. Ya bar su suka yi ta faɗa har suka gaji, sannan ya ba su haƙuri ya ce ai da gangan ya sauya alƙaluman: waɗanda aka kwantar a asibiti ne suka ɗan fi mutuwa. Ya tambaye su ko yanzu za su nemi a rufe sassan nasu da irin wannan zafin. Babu wanda ya ce uffan.

Bambancin da ke tsakanin ɓangarorin biyu a lokacin ƙanƙane ne, bai wuce a ce arashi ba ne, kuma Cochrane ya san da haka. Abin da yake son nunawa daban ne. Alƙaluma iri ɗaya, idan sun goyi bayan abin da likita ya riga ya yarda da shi sai su zama hujja, idan sun saɓa masa sai su zama abin da bai kai a kula ba. Kusan duk rayuwarsa ta aiki a kan wannan hali na ɗan Adam ta tafi, kuma har yau ƙungiyar da ke ɗauke da sunansa tana fama da shi.

Daga Sikotland zuwa sansanin fursunoni

An haifi Archibald Leman Cochrane ranar 12 ga watan Janairun 1909 a garin Galashiels na ƙasar Sikotland, a gidan masu masaƙar ulu, gidan da ba a san talauci ba. Yana ɗan shekara takwas aka kashe mahaifinsa a fagen daga a Gaza, a 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Gadon da ya samu ya sa bai taɓa dogara da albashi ba, abin da ya ba shi damar faɗa wa manya gaskiya ba tare da fargabar abin da zai ci gobe ba. Ya yi karatun kimiyya a jami'ar Cambridge ya fita da sakamako mafi daraja, ya ɗan taɓa aikin ɗakin bincike, sannan ya shafe shekaru daga 1931 zuwa 1934 yana bin wani almajirin Sigmund Freud mai suna Theodor Reik daga Berlin zuwa Vienna zuwa Hague, yana neman waraka daga wata lalura tasa ta hanyar zantawa. Bai warke ba. Ya dawo da abubuwa biyu: Jamusanci kamar jakin Berlin, da rashin yarda da duk wata hanyar magani da ba ta da shaida sai kwarjinin malaminta.

Ya shiga karatun likita a Landan a 1934. A 1936 ya ajiye karatun ya tafi Sifaniya tare da ayarin masu ɗaukar waɗanda suka ji rauni a yaƙin basasar ƙasar, a ɓangaren masu yaƙi da Janar Franco. Ya dawo ya kammala a 1938. Tun yana ɗalibi ya taɓa shiga zanga-zanga riƙe da kwalin da ya rubuta da hannunsa, yana neman a riƙa ba da magani kyauta, amma da sharaɗi guda: maganin da aka tabbatar yana aiki.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke ya shiga rundunar likitocin soja. A watan Yunin 1941 Jamusawa suka kama shi a tsibirin Kirit, suka kai shi sansanin fursunonin yaƙi a Salonika ta ƙasar Girka. Saboda yana jin Jamusanci, sai kula da lafiyar sansanin ta faɗo a wuyansa, kuma an daɗe shi kaɗai ne likita. Bisa ga abin da ya rubuta daga baya, fursunonin sun kai kimanin 20,000, abincin da ake ba kowa bai wuce kalori 600 a yini ba, ga taifot, ga mashaƙo, ga shawara, ga gudawa. Abin da ke hannunsa asfirin ne, da maganin ƙwannafi, da ɗan abin wanke rauni. Ya roƙi a ƙaro masa likitoci, wani jami'in Jamus ya ce masa ba a bukatarsu. Ya zaci ɗaruruwa za su mutu. Mutum huɗu ne suka mutu, uku daga cikinsu kuma harsashin masu gadi ne ya kashe su. Wannan ya tsaya masa a rai: jikin mutum yana warkewa da kansa fiye da yadda likitoci ke zato, kuma likita yana iya karɓar yabon warakar da ba shi ya kawo ta ba.

A wannan sansani ya yi gwajinsa na farko. Fursunoni fiye da 300 ƙafafunsu sun kumbura har sama da gwiwa, shi kansa yana cikinsu. Ya yi zaton cutar ƙarancin bitamin B ce, sai ya sayo yis a kasuwar bayan fage. Ya zaɓi matasa 20 masu kumburin, ya raba su ɗaki biyu, goma-goma. Ɗaki ɗaya ya ba su yis, ɗayan ya ba su ƙwayar bitamin C. Ba shi da abin awo, don haka ya riƙa lura da yawan fitsarin da kowane ɗaki ke yi, har da ƙirga bokitan da ake fitarwa. Zuwa kwana na huɗu masu cin yis sun fara sacewa. Ya zana alƙaluman a takarda ya kai wa Jamusawa, abin mamaki kuma suka yarda suka kawo yis mai yawa, kumburin ya lafa a sansanin.

Wani da ya bar labarin a nan, tunda ya yi kyau. Cochrane kuwa, da ya tashi rubuta shi a mujallar likitocin Birtaniya a 1984, sai ya jera kurakuransa ɗaya bayan ɗaya. Zaton da ya gina gwajin a kai ba daidai ba ne, domin mai yiwuwa kumburin yunwa ne, ɗan abin gina jiki da ke cikin yis ɗin ne ya taimaka. Mutanen sun yi kaɗan. Ba a raba su ta hanyar ƙuri'a yadda ya kamata ba. Ma'aunin ba shi da inganci, kuma an tsayar da gwajin da wuri. Tun daga kan taken maƙalar ya kira shi gwajinsa mafi muni, kuma mafi nasara.

Daga Salonika an mayar da shi sansanoni a cikin Jamus, inda ya yi jinyar masu tarin fuka, ƴan Rasha da Faransa da Yugoslabiya da Birtaniya. A nan ne abin ya fi ci masa tuwo a ƙwarya. Akwai hanyoyin jinya da ake amfani da su a zamanin, kamar hura iska cikin ƙirji domin huhun da ya kamu ya kwanta ya huta, kuma an bar shi ya zaɓi wadda ya ga dama. Amma babu wata shaida da ke nuna wacce ke taimako, wacce ke cutarwa. Ya rayu da tsoron cewa ya gajarta ran wasu abokansa da hannunsa. Shi ke yi musu jinya, sau da yawa kuma shi ke tsayawa a kan kabarinsu a madadin limamin coci. A sansanin Elsterhorst an taɓa kawo masa wani matashin sojan Rasha da dare, yana ta kururuwa yana gab da cikawa. Babu allurar kashe zafi, kuma ba sa jin harshen juna. Da ya rasa yadda zai yi sai ya zauna a bakin gado ya rungume shi, kururuwar ta tsaya. Yaron ya rasu cikin natsuwa bayan ƴan sa'o'i. Cochrane ya fahimci kaɗaici ne ke sa shi ihu fiye da ciwon. Masu ɗaukarsa mutumin alƙaluma kawai sukan manta da wannan dare.

Waɗanda ba su zo ba

Bayan yaƙi ya samu tallafin gidauniyar Rockefeller, ya yi karatu a makarantar kiwon lafiyar jama'a ta Landan. A can ya zauna gaban Austin Bradford Hill, masanin ƙididdigar da ya tsara shahararren gwajin maganin tarin fuka na streptomycin, wanda aka wallafa a 1948. Dabarar gwajin mai sauƙi ce: ƙuri'a ce za ta raba marasa lafiya gida biyu, wani gida a ba shi sabon magani, wani a bar shi a kan abin da aka saba. Likita ba shi da ikon tura masu ƙarfi-ƙarfi ɓangaren da yake so ya yi nasara. Abin da Cochrane ya rasa a Jamus ke nan.

Daga nan ya wuce Filadelfiya ta Amurka ya shekara yana nazarin hotunan ƙirji. Ya lura cewa ƙwararrun likitoci biyu za su duba hoto ɗaya su faɗi abu daban-daban, har ma likita ɗaya ya saɓa wa kansa idan aka dawo masa da hoton bayan wani lokaci.

A 1948 ya koma kudancin Wales, ƙasar mahaƙa kwal, ya kama aiki a cibiyar binciken ciwon ƙurar huhu da ke asibitin Llandough kusa da Cardiff. A 1950 ya fara aikin da ya fi alfahari da shi: ɗaukar hoton ƙirjin mutanen wani kwari mai suna Rhondda Fach, maza da mata, mahaƙa da waɗanda ba mahaƙa ba. Ana son a gano ko tarin fuka ne ke mayar da ƙurar kwal mummunan tabo a huhu, ta hanyar kakkaɓe tarin a wannan kwari a kwatanta shi da maƙwabcinsa Aberdare.

A irin wannan bincike, idan rabin jama'a suka fito ana cewa an yi ƙoƙari. Cochrane bai yarda ba. Hujjarsa ita ce wanda ya ƙi zuwa ba irin wanda ya zo da wuri ba ne. Wataƙila ya fi kowa jin jiki har ba ya iya fitowa, wataƙila yana tsoron abin da hoton zai nuna ya rasa aikinsa. Idan aka ƙirga waɗanda suka zo kaɗai, an ƙirga wani gari ne da babu shi. Don haka ya ɗauki tsofaffin mahaƙa waɗanda ƙura ta nakasa aiki, suna bi gida-gida suna lallashi, su koma sau biyu, sau uku, sau nawa ma. Shi kansa yakan ɗauko masu taurin kai a motarsa ya kai su ya dawo da su. Da haka aka ɗauki hoton kusan tara cikin kowane goma na mutanen kwarin. Ainihin tambayar ba ta amsu yadda ya so ba, domin sababbin magunguna sun sa tarin fuka ya ja baya a kwarurukan biyu gaba ɗaya, kwatancen ya lalace. Bai ɓoye hakan ba. Ya ci gaba da bin sawun mutanen nan, wa ya mutu, me ya kashe shi, har tsawon shekaru 30.

A tsakiyar wannan aiki shi ma ya ɗanɗani kuɗar tabbacin likita. An yi masa tiyata a hammata, likitan ya duba da ido ya yanke hukuncin cewa kansa ce ta yaɗu, ya yanke nama mai yawa, sannan ya shaida masa cewa kwanansa sun kusa ƙarewa. Da sakamakon ɗakin gwaji ya fito, babu kansa ko kaɗan. Ya ƙara shekaru fiye da 30 a duniya.

A 1960 ya zama farfesan cututtukan ƙirji a makarantar likitoci ta Wales, kuma shugaban cibiyar nazarin yaɗuwar cututtuka a Cardiff. Daga wannan cibiya ne, tare da Peter Elwood, aka fitar a 1974 da gwajin ƙuri'a na farko a kan ko asfirin yana hana mutuwa bayan bugun zuciya. Maza fiye da 1,200 aka gwada. Sakamakon ya karkata ga asfirin, amma bai kai ƙarfin da za a ce tabbas ba, kuma haka suka wallafa shi. Sai a 1980, da aka haɗa gwaje-gwaje shida wuri guda, amfanin ya fito fili. Da a ce sun jefa nasu a aljihun tebur saboda bai yi armashi ba, da lissafin ya rasa ƙafa guda.

Ɗan littafi, da cokalin katako

A 1972 ya fitar da wani ɗan littafi da bai kai shafi 100 ba, mai suna Effectiveness and Efficiency, wanda aka fassara shi da Faransanci a 1977 da sunan L'inflation médicale. Saƙonsa shi ne kuɗin lafiya ba sa taɓa isa, a ƙasa mai arziki ko matalauciya, saboda haka wajibi ne a kashe su a kan abin da gwaji ya nuna yana aiki, a raba shi daidai tsakanin jama'a. Ya bi hanyoyin jinya da dama da aka saba da su a asibitocin Birtaniya yana tambayar ina shaidarsu, sau da yawa kuma babu. Bai raina kulawa da tausayi ba, hasali ma ya koka cewa ana zuba kuɗi a kan na'urori ana barin tsofaffi da masu taɓin hankali a wulaƙance.

A 1979 ya ƙara matsa lamba. Ya rubuta cewa abin kunya ne ga likitoci a ce har lokacin ba su da wani tsari na tattara duk gwaje-gwajen ƙuri'a da aka yi a kowane fanni, a tace su, a riƙa sabunta su. Ya yaba wa likitocin tarin fuka, sannan ya ba likitocin haihuwa kyautar cokalin katako, abin da Turawan Ingila ke ba wanda ya zo na ƙarshe a gasa.

Zolayar ta yi aiki. Wani matashin likita mai suna Iain Chalmers, wanda ya yi aiki da ƴan gudun hijirar Falasɗinu a Gaza, garin da mahaifin Cochrane ya kwanta dama, ya karanta littafin 1972 ya ce shi ke nan. Shi da abokan aikinsa a Oxford suka shiga tono duk gwajin da aka taɓa yi a kan goyon ciki da haihuwa, suna bin mujallu shafi-shafi. Sun san akwai gwaje-gwajen da ba a taɓa wallafawa ba, don haka suka aika wasiƙu ga likitocin haihuwa da na yara 42,000 a ƙasashe 18. An sanar da su gwaje-gwaje 395 da ba a wallafa ba, amma 18 kacal daga ciki ne aka kammala fiye da shekaru biyu kafin wasiƙar. Tsofaffin da aka binne, kusan babu wanda ya tono su. Wannan shi ne bin gida-gida na Rhondda Fach a wata siga, sai dai takardu sun fi mahaƙa kwal wuyar lallashi.

Cochrane ya ga aikin kafin ya fito, ya rubuta masa gabatarwa a 1987 yana yabawa. Bai ga fitowarsa a 1989 ba. Ya rasu ranar 18 ga watan Yunin 1988 yana da shekara 79, bayan fama da kansa, ta gaske a wannan karon. Bai taɓa aure ba. Ya bar wani lambu da ya ƙawata da sassaƙe-sassaƙe a gidansa na Rhoose, da tarihin rayuwarsa da aka buga bayan mutuwarsa, da kuma sanarwar rasuwarsa da ya rubuta wa kansa tun yana raye, inda ya yi wa kansa ba'a a kan yawan shan taba.

Abin da aka gina da sunansa

A 1992 aka buɗe Cibiyar Cochrane a Oxford, a 1993 ta zama ƙungiya ta ƙasa da ƙasa. Aikinta shi ne abin da ya nema a 1979: a ɗauki tambaya guda, a nemo duk gwajin da aka yi a kanta a ko'ina, a auna ingancin kowane, a haɗa alƙalumansu. Tambarin ƙungiyar zane ne na gwaje-gwaje bakwai a kan wata allura mai araha da ake yi wa macen da za ta haifi bakwaini, domin huhun jaririn ya yi ƙwari. An wallafa gwajin farko a New Zealand tun 1972, amma sai da aka haɗa su aka ga a fili cewa allurar tana rage mutuwar jariran sosai. A tsakanin waɗannan shekaru jarirai da yawa sun mutu alhali amsar tana warwatse a mujallu.

Masu karatu a Sahel sun ga amfanin wannan aiki a ƙofar gida ko da ba su san sunansa ba. Bitar Cochrane a kan gidan sauro mai magani, wadda ta haɗa gwaje-gwaje ciki har da na Navrongo a arewacin Gana, ta nuna yana rage mutuwar ƙananan yara da kusan kashi 17 cikin 100. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara wata-wata a lokacin damina, wanda ƙasashe masu amfani da Faransanci ke kira CPS, hukumar lafiya ta duniya OMS ta amince da shi a 2012. A wannan shekarar aka wallafa wata bita da Farfesa Martin Meremikwu na Kalaba ya jagoranta, wadda ta haɗa gwaje-gwaje bakwai na Afirka ta Yamma, ta nuna yana hana kusan kashi uku cikin huɗu na kamuwa da zazzaɓin.

Sai dai bita irin wannan tana da rauni guda da mai ita ya fi kowa sani: abin da aka ba ta shi take ƙirgawa. Ɓoyewar kuma iri biyu ce. Ta farko, gwaji dukansa ya ɓace. A 1980 wasu likitoci a Nottingham sun gwada wani maganin daidaita bugawar zuciya mai suna lorcainide a kan mutum 95. Tara suka mutu a cikin waɗanda aka ba maganin, ɗaya tak a cikin waɗanda aka ba ƙwayar da ba ta da magani. Sun ɗauka arashi ne, kamfanin ya fasa sayar da maganin saboda dalilan kasuwa, rahoton ya kwanta. A cikin shekarun 1980 an yi ta ba masu ciwon zuciya wasu magunguna ƴan uwansa, har sai da wani babban gwaji a Amurka ya nuna a 1989 cewa suna ƙara mutuwa. Likitocin Nottingham sun wallafa nasu a 1993, bayan shekara 13, suka amsa da kansu cewa da ya fito da wuri da ya zama gargaɗi.

Ta biyun ta fi wuyar kamawa, domin gwajin yana fitowa, sai dai ba dukansa ba. A ce ana gwada sabon maganin zazzaɓi. Kafin a fara, masu binciken sun rubuta cewa babban abin da za su auna shi ne yara nawa suka warke zuwa kwana 28. A hanya kuma sun auna zafin jiki a kwana na uku, da ƙarancin jini, da amai, da kwanciya asibiti. Aka gama, ma'aunin kwana 28 bai nuna wani bambanci ba, amma zafin jiki a kwana na uku ya ɗan sauka. Sai rahoto ya fito yana ta bayani a kan kwana na uku, kwana 28 ya koma layi ɗaya a ƙarshe ko ya ɓace, amai kuwa ba a ambace shi ba. Babu ƙarya ko ɗaya a takardar. Kwandon tumatir ne da aka jera masu kyau a sama. Mai bita da ya zo ya haɗa irin waɗannan rahotanni goma zai fitar da amsa mai kama da tabbas, amma karkatacciya.

An daɗe ana zargin haka kafin a kama shi da hannu. A 2004 An-Wen Chan da abokan aikinsa suka samu takardun tsarin gwaje-gwaje 102 da kwamitocin ɗa'a na Kopenhagen da Frederiksberg a ƙasar Danmak suka amince da su a 1994 da 1995, suka kwatanta su da abin da aka wallafa. A kashi 62 cikin 100 na gwaje-gwajen, an sauya babban ma'auni aƙalla guda, ko an jefar da shi, ko an shigo da sabo. Rabin sakamakon da ya shafi amfanin magani ba a ba da shi cikakke ba, na illa kuwa kashi 65 cikin 100. Da aka tambayi masu binciken ko akwai abin da suka auna ba su faɗa ba, kashi 86 cikin 100 na waɗanda suka amsa suka ce babu, alhali takardunsu na nuna akwai.

Abin ya taɓa gidan Cochrane kansa. A 2010 Jamie Kirkham da wasu masana a Liverpool suka duba bita 283 na ƙungiyar. A fiye da rabinsu, ba a samu cikakkun alƙaluman babban ma'auni daga dukkan gwaje-gwajen da suka cancanta ba. A kusan kashi ɗaya cikin uku akwai aƙalla gwaji ɗaya da ake zargin da gangan aka ɓoye sakamakon. Daga cikin haɗaɗɗun lissafi 42 da suka nuna magani yana aiki, takwas sun rasa ƙarfinsu da aka yi gyara saboda abin da ya ɓace. A ganina babu abin da ya fi kama da halin Cochrane irin wannan bincike, da aka juya fitila a kan aikin da ke ɗauke da sunansa aka kuma wallafa abin da aka gani.

Maganin da aka samo shi ne rajista: kafin a ɗauki mara lafiya na farko, a rubuta a fili me za a gwada, me za a auna, domin kowa ya iya kwatantawa daga baya. Tun 2005 manyan mujallun likitanci suka daina karɓar gwajin da ba a yi wa rajista ba. Afirka tana da nata kundin, PACTR, a birnin Cape Town, wanda OMS ta amince da shi a 2009, kuma kowa na iya buɗe shi a intanet. Ƙungiyar Cochrane tana da reshe a Kalaba da kuma Yawunde, kuma ƙa'idarta ta tanadi cewa mai bita ya tambayi kowane gwaji ko ya faɗi duk abin da ya yi alƙawarin aunawa.

Rajista ba ta hana a yi ta kai da komo ba. A shekarun da suka kewaye annobar murar aladu ta 2009, gwamnatoci sun tara maganin Tamiflu na maƙudan kuɗi, Birtaniya kaɗai ta kashe fam miliyan 424. Masu bitar Cochrane ƙarƙashin Tom Jefferson suka lura cewa hujjar da ake dogaro da ita ta fito ne daga gwaje-gwaje goma, takwas daga ciki ba a taɓa wallafa su cikakku ba. Suka nemi kamfanin Roche ya ba su cikakkun rahotannin. An shekara huɗu ana musayar wasiƙu kafin a miƙa su a 2013. Da suka karanta dubban shafukan suka fitar da bitarsu a 2014: a jikin manya maganin yana rage kwanakin mura daga bakwai zuwa kimanin shida da ɗan ɗoriya, yana ƙara tashin zuciya da amai, kuma ba a ga shaidar cewa yana rage kwanciya asibiti ba.